Almakashin Malama da Kwalbar Gaisuwa

Da zarar yara sun taso daga makaranta, rana ta ɗan karkata, za ka ga wata dattijuwa tana hawa matakalar da ke gefen kantin magani, hannu ɗaya a kan ƙarfen dafawa, ɗaya riƙe da jakar da ta fi ta faɗi. Ba ta gaggawa. A tsakiyar matakalar takan tsaya ta mai da numfashi, ta leƙo ta ce wa mai gyaran takalmin da ke zaune a gindin benen, "Tsoho, yau ma kana nan?" Shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya ce, "Ina zan je, Malama, ba ki bar mini gadon tabarau ba?"

Ɗakin nata ba wani ɗaki ba ne. Benci ne 'yan kaɗan, da allo da fentinsa ya koɗe, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Takan buɗe taga, ta goge bencin da tsumma, sannan ta jawo wata kujerar katako ta ajiye a gefen allo tana fuskantar aji. Babu mai zama a kanta. Daga nan ta fito da wata ƙatuwar kwalba, irin wadda masu kanti ke zuba alewa a ciki, ta ɗora a kan tebur. Abu na ƙarshe da take cirowa daga jakar, a naɗe cikin ƙyalle, shi ne almakashi: babba, mai baƙin mariƙi, irin na tela.

Da shi take koyar da yadda ake rubuta maƙala da Turanci. Ɗalibanta akwai 'yan firamare, akwai 'yan sakandare, akwai ma manya da suke biyowa daga wurin aiki da gumin jikinsu. Malama Almakashi suke ce mata, kuma tana amsawa. Shekara da shekaru tana wannan hawa da sauka, ga shi a ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki, don yatsunta sun fara ƙin buɗe almakashin. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, da abin da na bi na tambayo, tun tana iya karantawa da kanta.

'Yata ta fari, wadda muke kira Kurciya saboda muryarta ba ta wuce ƙirjinta, tana ajin ƙarshe na firamare lokacin da na san wannan benen. Akwai sakandare mai kyau a bayan layinmu, daga ƙofar gida ina hango tankin ruwanta. Shiga sai da jarrabawa, a cikin jarrabawar kuma akwai rubuta maƙala da Turanci a kan duk abin da aka ga dama aka ba yaro nan take. Babansu ya riga ya yanke magana: in ba ta samu wannan makarantar ba, sai ta koma wajen gwaggonta a wani gari, inda aka yi mata alkawarin gurbi. Gwaggon mutuniyar kirki ce, ba ni da ta cewa a kanta. Amma yarinyar da ko ciwon ciki ba ta iya faɗa sai na karanta a fuskarta, wa zai tsaya karanta mata fuska a can?

Yayana, kawunta, ma'aikacin ofis ne, rubuta wasiƙa ce sana'arsa, kuma shi ya fara ɗaura mata ɗamara. Ya ce Turanci gidan manya ne, ba a faɗa masa babu sallama. Ya koya mata yadda za ta fara da gaida mai duba takarda, ta gode masa da ya ba ta wannan dama, ta ce cikin farin ciki da ƙanƙan da kai ta ɗauki alƙalaminta, ta ƙara da cewa wannan batu yana da muhimmanci ga ɗan Adam tun fil'azal. Ya kuma kawo mata wani ɗan littafi mai shiryayyun maƙalu, na tsabta, na ilimi, na biyayya ga iyaye. Ta haddace su tas. In tana karantowa ni kaina daɗi nake ji, ko da rabin kalmomin wucewa suke ta saman kaina. Sai malamin ajinsu ya ce mini a ɓoye, masu duba takarda sun gaji da ganin waɗannan maƙalun, in kai ta benen kantin magani.

Ranar farko ta dawo da takardarta a tafin hannu, guntu-guntu, idanu jajur.

"Mama, ta yanka."

"Ta yanka me?"

"Duk na Kawu. Ta zuba a kwalba."

Washegari na goya ƙanenta, na ja hannunta, na hau benen nan da maganata a shirye. Na tarar aji ya cika, babu wurin zama sai kujerar nan ta gefen allo. Ina shirin zama yara suka ɗauki ihu, "Kar ki zauna! Ta Mai Sauri ce!"

Malama ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi goyona, ta ce, "Ku bar ta. Maman Kurciya ce ko? Kin bar tukunya a kan wuta?"

Na ce na bari.

"Madalla. Yau mun samu na gaske. Zauna, 'yar nan."

A nan na fara jin labarin Mai Sauri. Shi ne mai karatun da kowane ɗalibi yake rubuta wa maƙalarsa. Bai san ka ba, bai san gidanku ba, motar da zai shiga a tasha ta kusa cika, kuma ba ya jin kunyar tashi ya bar ka kana magana. In ɗalibi yana karanta aikinsa ya shiga kewaye-kewaye, sai Malama ta miƙe ta juya kujerar ta ba aji baya. Shi ke nan, Mai Sauri ya tafi.

Ta ɗauko takardar wani direba da ke zaune a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ta ce ya yarda ta karanta? Ya ce, "Karanta, Malama, ai kin riga kin gama da ni." Tana karantawa da Turanci tana juya mini da Hausa. Ya gode wa kowa, ya ce hanya abu ce mai muhimmanci a rayuwar al'umma, ya ce tun zamanin da mutane suke tafiya. Ban san lokacin da ƙafata ta fara kaɗawa ba.

"Ku dubi ƙafarta," in ji Malama. "Tana tunanin tukunya."

Aji ya fashe da dariya, har da direban. Sai ta sa almakashi, ƙyat, ƙyat, ta cire fiye da rabin shafin, ta jefa a kwalba, ta karanta layin da ya koma na farko: ramin da ke bakin gada ya sake cin tayata, ina ɗauke da mai naƙuda.

Na ce, "Kai! Wace gada? Ta haihu lafiya?"

Malama ta juya ga yara ta ce, "Kun ji? Ta yi tambaya. Ta manta da tukunya."

Tukunyar kuwa ta kama, ran nan da ƙauri muka ci abinci. Amma kafin in sauka ta ja ni bakin taga, inda Kurciya ba za ta ji ba, ta nuna mini wani siririn guntu da ta ajiye daga takardar jiya. Maƙalar a kan ilimi ce. A tsakiyar kalmomin kawunta, yarinyar ta saka layi ɗaya nata: ƙanena yana riƙe littafi a kife, yana karantawa da ƙarfi kamar ya iya.

"Wannan ban taɓa shi ba," ta ce. "Turancinsa ya karye a wuri biyu, wannan gyaran minti ɗaya ne. Amma yarinyar da ta ga wannan tana da ido. Abin da ya danne shi na cire. Ki ba ni ita."

Na ba ta ita, amma ban daina sa ido ba. Ina zuwa ɗaukar ta da wuri in tsaya a bakin ƙofa, don ina son in gane yadda abin yake aiki. Na lura ba ta taɓa juya kujerar nan ga Kurciya a gaban aji ba. Masu bakin tsiya da masu ƙarfin hali su take juya wa, su yi dariya su sake. Takardar mai kunya kuwa ita take karantawa da bakinta, ba ta faɗin mai ita, sai in abin ya yi kyau ta ce, "Mai wannan aikin ya san kansa." Sai ka ga wani kai ya sunkuya yana murmushi. Na lura kuma ba ta fara gyaran Turanci sai an gama sanin abin da ake son faɗa. Kowane sakin layi takan yanke shi daban, ta baje guntayen a tebur, ɗalibi ya yi ta matsar da su sama da ƙasa har sai kowanne ya kama hannun na gaba da shi, sannan a liƙe da gam a kan sabuwar takarda. Bayan nan ne take bin kuskure da fensir, ƙanana-ƙanana, ba da jan biro ba. Na tambaye ta ina ta koyi wannan. Ta ce a shagon babanta, tela ne, almakashin ma nasa ne. Tun tana ƙarama take kallon yadda yake baje hannun riga da wuya da aljihu a kan tebur kafin allura ta taɓa ko ɗaya.

Mai kantin maganin da ke ƙasa ya ƙara mini wani abu. Ya ce sau da yawa yakan ga ɗalibanta sun sauko sun tsaya a gefen kantinsa suna kallon masu sayayya kamar 'yan leƙen asiri. Ashe aike ne. Dokarta ce ba a rubuta maƙala a kan abin da ba a je an gani ba, ko ba a tambayi wanda ya sani ba. Ya ce akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi zango biyu a benen, har yau in ta zo sayen wani abu sai ta hau ta gaishe ta. Ita ce yanzu take rubuta 'yar takardar da ake raba wa masu jego a asibitinsu, kuma ta ce da bakinta, duk layin da ta rubuta sai ta ji ƙyat a kunnenta.

Wannan aiken shi ya kusa haɗa ni da Malama karo na biyu. Wata rana Kurciya ta ce an ce ta sauka ita kaɗai ta yi wa mai gyaran takalmi tambaya, wadda ita kanta ba ta san amsarta ba. 'Yata, wadda ko baƙo ya yi sallama sai ta shige bayan labule! Ban hana ba, amma na riga ta zuwa, na laɓe a bayan wata mota da aka ajiye a bakin titi.

Ta sauko tana murza gefen mayafinta. Ta tsaya a gabansa har na ƙosa. Da ƙyar na ji ta ce, "Baba, ina wuni. Wai... wane wuri ne takalmi ya fi lalacewa?"

Ya ajiye allura ya ce, "Ya danganta da mai shi, jikata. Na yara gaba yake ci, don duk dutsen da suka gani sai sun shura. Na masu tsayuwa a wurin aiki tsakiya yake lotsawa. Na iyaye mata kuwa dunduniya ce take tafiya, don kullum a guje suke bin bayan wani. Ga misali can a bayan motar nan, tun ɗazu nake ganin dunduniyarta."

Kurciya ta waiwaya, muka haɗa ido. Ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi a waje ba, har da riƙe ciki. Na ɗaga kai sai ga Malama a taga tana girgiza kai. Ta ce, "Tunda kin zo, ki ba shi ya gyara miki mana." Yarinyar kuwa bakinta ya buɗe, ta yi ta jero masa tambayoyi har sai da ya ce ta bar shi ya nemi na abinci. Maƙalar da ta rubuta a kansa ita ce ta farko da Malama ta karanta har ƙarshe almakashi yana kwance a kan tebur.

Malama, ke ce kika san yaro mai shiru ba wai ba shi da abin faɗa ba ne. Ke ce kika tura 'yata aiken da ni uwarta na kasa tura ta, kika tsaya a taga kina gadinta ba ta sani ba.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kawunta ne ya tayar da shi, ranar da ya ga sabon rubutunta. Ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Ina sallamar? Wannan mata za ta mai da mana yarinya marar ladabi. Yau ta faɗa wa Turanci babu gaisuwa, gobe ta faɗo mini ɗaki haka nan." Dariya muka yi, amma na kwana da maganar. Mu mutane ne da ko ruwa za mu roƙa sai mun tambayi lafiyar gida da gajiya. Don me za a koya wa yaro ya yanke wannan? Kuma in abin banza ne, me ya sa Malama ba ta jefa shi a kwandon shara, sai ta adana a kwalba ta rufe da murfi? Na so in tambaya, jarrabawa ta matso, na bar shi.

Ranar jarrabawar na raka ta har bakin ƙofar makarantar, na zauna a kan dakali da sauran iyaye. Da ta fito na kasa karanta fuskarta, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Me aka ba ku?"

"Muhimmancin tsabta."

Wannan yana cikin littafin Kawu, ta haddace shi tun daga gaisuwa har zuwa godiyar ƙarshe. Na ce, "To sai kika yi yaya?"

Ta ce hannunta da kansa ya fara rubuta na Kawu, har ta yi layi uku. Sai ta ɗaga kai ta ga kujerar da ke kusa da ita babu kowa, wanda aka ba wurin bai zo ba. Ta ce, "Mama, wallahi sai na ga kamar tana shirin juyawa." Ta ja layi ta soke abin da ta rubuta, ta sake farawa.

"Da me kika fara?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ce, mahaifiyata ba ta yarda da maganar ƙanena in ya ce ya wanke hannu, sai ta kama hannun ta shinshina ta ji ƙamshin sabulu."

"Ke! A gaban masu jarrabawa kika tona mini asiri?"

"Na kuma ce wata rana ya shafa sabulun a bushe don ya yaudare ki, kika gane."

Matar da ke zaune kusa da ni a dakalin ta ce, "To ya aka yi ta gane?" Kurciya ta dube ni, na dube ta. Ko ba a faɗa ba mun san Mai Sauri bai tashi ba.

Da sakamako ya fito, sunanta yana ciki. Babansu ya kira gwaggonta ya ba ta haƙuri, ita kuma ta ce a dai turo mata yarinyar hutu. Yanzu kowace safiya ina tsayawa a ƙofar gida in ga shigarta makaranta da idona. Kawu ya ce ai harsashin da ya kafa ne aka ɗora gini a kai, muka bar shi a haka.

Da muka je yi wa Malama godiya, ɗakin babu kowa, tana ƙoƙarin naɗe almakashin yatsunta suna ƙi. Kurciya ta karɓa ta naɗe mata. Na ga dama ta samu, na nuna kwalbar, wadda ta cika har wuya, na yi tambayar da ta daɗe tana cina.

Ta jawo ta, ta buɗe, ta zaro guntu ɗaya ta karanta. Wani yaro ne yake fatan tana cikin ƙoshin lafiya ita da iyalinta. Ta zaro wani, wannan yana gode mata da ta ba shi damar ɗaukar alƙalami.

"'Yar nan, wa kike tsammani suke gaisarwa?" ta ce. "Mai Sauri ba ya jira, ba nasa ba ne. Ni ce a gabansu, ni suke gaisarwa. Yaro ya gaishe ni da yaren da yake wahalar da shi, in jefa a shara? Iyayensu sun yi tarbiyya, ba ni zan rushe ta ba. Wurin da ya dace kawai nake nuna musu. In kwalbar ta cika nakan juye a akwati a gida. Yanzu da zan zauna, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in amsa."

Kurciya ta leƙa cikin kwalbar ta ce, "Malama, na Kawu yana nan?" Ta ce yana nan, kuma duk cikinsu babu mai tsawonsa.

Ga sauran malamai, ba cewa nake kowa ya sayi almakashi ba. Amma ku nemi layin nan ɗaya da yake na yaron ne a cikin shafinsa, ku tsare shi, ku kuma san wanda za ku juya wa kujera da wanda za ku rufa wa asiri. Mu iyaye kuma, mu bar su su sauka matakala su yi tambaya, ko da za mu laɓe a bayan mota. Wanda ya taɓa zama a bencin nan, matakalar ba ta da tsawo, ya hau ya gaishe ta kafin ta rufe taga.

Malama, mai yanka ba ta zubar ba, kin riƙe mini 'yata a kusa da ni, kin kuma ba ta muryar da ko ta yi nisa wata rana za a ji ta. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon yatsu, ya ba ki tsawon ran da za ki amsa duk abin da ke cikin akwatin nan. Na san kin lura ban gaishe ki a farkon wannan rubutun ba. Na ajiye ne sai Mai Sauri ya kama motarsa, mu rage mu biyu.

Ina wuni, Malama? Ina gajiya? Yaya yatsun? Wannan taki ce, ki yanke ki sa a kwalba.